Gwajin Hanya da Farautar Matsala a Motocin Rolls-Royce na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sha'awar tsofaffin motoci sukan yi tambaya a kan yadda aka yi motar da aka ƙera fiye da shekara ɗari da suka wuce take tafiya har yau, injinta na aiki shiru. Amsar tana wurin wasu mutane da ba a cika ambaton sunansu ba, wato direbobin gwaji da makanikan da aikinsu shi ne su wahalar da mota har sai ta nuna inda rauninta yake. An tattara tambayoyin da aka fi yi a kan aikinsu, daga 1904 zuwa 1939.

Me ya sa gwajin hanya ya zama dole a wancan zamanin?

Saboda babu wata hanyar sanin gaskiya sai ita. A farkon ƙarni na 20 mota sabon abu ce, ƙarfen da ake samu ba kullum yake zuwa da inganci iri ɗaya ba, ilimin lissafin ƙarfin ƙarfe kuma bai yi nisa ba. Injiniya zai zana abu a takarda ya ga ya yi daidai, a hau hanya ya karye. Hanyoyin su ma don doki da keken doki aka yi su: ƙura a lokacin zafi, taɓo a lokacin ruwa, ga ƙusoshin takalmin doki a warwatse suna huda taya. Mai mota a lokacin ya saba da tsayawa a gefen hanya. Wanda ya biya kusan fam 1,000 a kan inji da shasi kaɗai kuwa ba zai yarda da wannan ba, kuma wannan shi ne mutumin da Rolls-Royce ke nema. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wane ne ya kafa wannan ɗabi'a a kamfanin?

Henry Royce. Injiniyan lantarki ne a Manchester, yana ƙera injin ɗaga kaya da janareto. Ya sayi wata motar Faransa ta hannu mai suna Decauville, ƙararta da jijjigarta suka dame shi, ya yi ta kwance ta yana gyara har ya ga gara ya ƙera tasa. A 1904 ya fito da mota mai silinda 2, ya tuƙa ta daga bitarsa da ke titin Cooke zuwa gidansa a Knutsford, tafiyar kimanin mil 15. A watan Mayu na shekarar ya haɗu da Charles Rolls, dillalin motoci kuma gwanin tsere, a otal ɗin Midland. An kafa kamfanin Rolls-Royce a 1906.

Royce ba mai ƙirƙiro sabon abu daga sama ba ne. Gwanintarsa ita ce ya ɗauki abin da wasu suka yi, ya gano inda ya gaza, ya sake shi. Mutum na uku, Claude Johnson, shi ne ya fahimci cewa wannan naci na Royce haja ce da za a iya sayarwa. Johnson ne ya shirya gwajin mil 1,000 na shekarar 1900 lokacin yana sakataren ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya, don haka ya san darajar gwajin da aka yi a gaban shaidu.

Da gaske ne wata mota ta yi mil 15,000 ba ta lalace ba a 1907?

Gaskiya ne, amma da ɗan bayani. Motar ita ce samfurin 40/50 mai lamba AX 201, wadda Johnson ya sa aka yi wa fenti ruwan azurfa ya raɗa mata suna Silver Ghost. Injinta silinda 6 ne, girmansa ya ɗan haura lita 7. Ta shiga gasar juriya ta Sikotland, daga nan ta zarce da kai-komo tsakanin Landan da Glasgow har sau 27, dare da rana ban da Lahadi, da mai sa ido na RAC, wato ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya, a cikinta yana rubuta duk abin da ya faru. Direbobi suna karɓa-karɓa, cikinsu har da Johnson da Rolls da Eric Platford.

Sau ɗaya ta tsaya ba da son direba ba. Bayan mil 629, jijjigar hanya ta juya makunnin bututun fetur ya rufe kansa, mai ya daina zuwa inji. Aka buɗe shi aka ci gaba. Daga nan ta yi mil 14,371, wato fiye da kilomita 23,000, ba tare da wata tsayawa ta dole ba. Tsayawar canza taya ba a lissafa ta, domin a lokacin babu tayar da za ta jure irin wannan tafiya. Wannan adadi ya ninka bajintar da aka kafa a baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Johnson ya nemi injiniyoyin RAC su wargaza motar, su auna kowane ƙarfe, su canza duk abin da ya nuna alamar ci ko yaya ƙanƙantarsa. Inji da giyabos da birki ba su nuna cin da za a damu da shi ba. 'Yan ƙananan abubuwa aka canza, yawancinsu a ɓangaren sitiyari, kuɗinsu duka fam 2 da sule 2 da kwabo 7. Kamfanin ya samu kofin Dewar na shekarar, kyautar da RAC ke bayarwa don bajinta a harkar motoci.

Ba talla ce kawai ba?

Talla ce, kuma mai ƙarfi. Sai dai talla ce da ke ɗauke da kasada ta gaske, tunda mai sa idon ba ma'aikacin kamfanin ba ne, kuma da karanshaf ya karye a hanyar Glasgow duk jaridu za su buga. Haka aka sake yi a 1911, bayan kamfanin Napier ya yi tinƙaho da tafiya daga Landan zuwa Edinburgh a giyar ƙarshe kaɗai. Ernest Hives, direban gwaji na Rolls-Royce, ya ɗauki shasi mai lamba 1701 ya je ya dawo bai sauko daga giyar ƙarshe ba, motar ta sha galan ɗaya a kowace mil 24 da ɗoriya, sannan ba a taɓa komai a jikinta ba ta yi gudun mil 78 a awa a filin tsere na Brooklands.

Amma kada a rikita wannan da ainihin aikin gwaji. Waɗannan an yi su ne don duniya ta gani. Aikin da ya gina motar shi ne wanda ake yi kullum a ɓoye, inda burin direba shi ne ya dawo da mummunan labari.

Babu kwamfuta, babu na'urar da ake jona wa mota. Ta yaya suke gano inda matsala take?

Da kunne, da tafin hannu, da agogo, da littafin rubutu. Sai kuma wata ƙa'ida da ba sa karyawa: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Idan ka canza fulogi da kafireta tare ƙara ta tafi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, kuma gobe idan ta dawo a wata motar ka koma farko.

A ce direba ya ji wani gurnani a gudun mil 40. Abu na farko shi ne ya raba inji da sauran mota. Zai kai wannan gudun, ya cire giya, ya kashe inji, ya bar mota tana gangarawa. Idan gurnanin ya ɗauke, a inji yake ko a salansa. Idan yana nan, sai a koma kan aksil na baya, ko boris ɗin ƙafa, ko taya. Idan ana zargin haƙoran aksil, sai a saurara: lokacin da aka taka totur yake kuka, ko lokacin da aka ɗaga ƙafa? Kowanne yana nuna gefen haƙorin da bai zauna daidai ba. A bita sai a shafa wa haƙoran shuɗin alli na musamman, a juya su, a ga inda suke taɓa juna, a gyara, a sake fita hanya. Ana iya yin haka sau da yawa a kan aksil guda kafin a yarda da shi.

Idan ƙarar a inji take, akwai sandar sauraro, bakinta ɗaya a jikin inji ɗaya a kunne. Har yau bakanike a kowane gareji yana yin wannan da doguwar sukudireba. Sannan a riƙa kashe wutar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka kashe ƙwanƙwasa ta ragu, a nan fistin ko metal ɗin yake da wasa. Ghost tana da wata sauƙaƙawa a nan, domin kowace silinda fulogi biyu gare ta, ɗaya daga magneto, wato na'urar da ke samar da wuta da juyin inji, ɗaya daga batir da kwayil. Direba na iya kashe layi ɗaya ya bar ɗaya, nan take ya san ko matsalar wuta ce da kuma wane layin.

Ga zafi kuwa sai ma'aunin zafi a ruwan lagireto da baƙin mai, a hau tudu mai tsawo da cikakken kaya, a rubuta abin da ya nuna a gindi da a ƙoli. Ga ƙarfi, agogon tsayarwa a kan tudun da aka saba da shi. Ga ci, maikiromita: a auna ƙarfe kafin tafiya, a auna bayan dawowa. Ƙarfen da ya karye kuma ba a jefar da shi. Ana kai shi ɗakin bincike a duba fuskar karayar. Idan tana da layi-layi masu santsi da suka taso daga wuri ɗaya, to gajiya ce ta kashe shi sannu a hankali, kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Wannan yana nufin laifin zane ne, ba tsautsayi ba, kuma duk motar da ke da irin wannan ƙarfen tana kan hanyar karyewa.

Akwai wahalar da ta keɓanci motar alfarma. A mota mai hayaniya ƙananan ƙararraki suna ɓuya. Da zarar ka sa inji ya yi shiru sai ka fara jin giya. Ka gyara giya, sai kukan fanka ya fito. Ka kashe wannan, sai shan iskar kafireta, sai ƙiƙi-ƙiƙin sifirin. Duk nasarar da aka samu tana tono wani aikin, kuma masu gwaji na masana'antar kamfanin da ke garin Derby sun kwashe shekaru suna bin wannan sawu.

Wace matsala ce ta fi ba masu injin silinda 6 wahala?

Murɗewar karanshaf. Injin silinda 6 dogo ne, karanshaf ɗinsa ma dogo. Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, bugun yana ɗan murɗa ƙarfen, sannan ya warware. A yawancin gudu wannan ba ya damun kowa. Amma akwai wani gudu na inji da bugun ke zuwa daidai da lokacin da ƙarfen ke warwarewa, sai murɗawar ta riƙa ƙaruwa, gaban inji ya ɗauki kakkarwa, in aka daɗe a haka karanshaf ya tsinke. Napier, wanda ya riga kowa tallata silinda 6, ya yi fama da wannan. Motar Royce ta farko mai silinda 6, wato 30 hp ta 1905, ita ma ba ta tsira ba.

Abin da ya sa matsalar ke da wuyar kamawa shi ne tana zuwa a wani gudu ta ɓace a sama da shi, kuma idan an kwance injin ba a ganin komai. Royce ya tunkare ta ta hanya biyu. A injin 40/50 ya yi karanshaf mai kauri sosai, ya zaunar da shi a kan mazauni 7, na tsakiya ya fi sauran faɗi. Ya kuma gano cewa idan aka sa ƙaramin faifai mai nauyi a gaban karanshaf, wanda ba a ɗaure shi tamau ba, yana ɗan zamewa tsakanin fatun gogayya, zamewar tana shanye kakkarwar. Frederick Lanchester ya yi rajistar irin wannan dabara a 1910. Injinan mota da yawa na yau suna da jikan wannan faifai a gabansu, galibi da roba a tsakiya.

Motar ta taɓa ba su kunya a bainar jama'a?

Ta taɓa, fiye da sau ɗaya. A tseren tsibirin Man na 1905 giyabos ɗin motar Rolls ya lalace tun a farkon tsere, ko da yake Percy Northey ya zo na biyu a ɗaya motar, Rolls kuma ya dawo ya ci a 1906.

Wadda ta fi zafi ita ce ta 1912. Wani attajiri mai suna James Radley ya shiga gasar tsaunukan Ostiriya da Ghost ɗinsa. A hawan Katschberg motar ta tsaya ta kasa tashi sai da fasinjoji suka sauka. Motar da ake kira wadda ta fi kowace a duniya ta gaza a tudu a gaban Turai. Dalilin a bayyane yake: giya 3 gare ta, an tsara su don tafiya cikin natsuwa a hanyoyin Ingila, giyar farko ba ta da ƙarfin ja a irin wannan tsayi inda iska ma ta yi ƙaranci inji ya rage ƙarfi.

Yadda kamfanin ya karɓi abin shi ne darasin. Ba su tsaya ɗora laifi a kan direba ba. Suka tura mutane da mota zuwa tsaunukan su gwada a inda abin ya faru, suka yi giyabos mai giya 4 da giyar farko mai ƙarfin ja, suka inganta sanyaya inji, suka ƙara masa ƙarfi. A 1913 suka koma da motoci 3 na kamfani, Hives na tuƙa ɗaya, ga Radley da tasa. Suka haye kowane tudu suka kwashi kyaututtuka. Gyaran ya shiga motocin da ake sayarwa, samfurin da aka fi sani da Alpine Eagle. Bayan wannan shekara kamfanin ya daina shiga gasa da sunansa.

Me ya kai su Faransa, alhali masana'antar tana Derby?

Doka da hanya. Daga 1903 har zuwa dokar 1930, iyakar gudu a Birtaniya mil 20 ne a awa, kilomita 32 ke nan, 'yan sanda kuma suna laɓewa a bayan shinge da agogo. Hanyoyin ƙasar ga kwana ga ƙunci. Ba za ka san abin da inji zai yi bayan awa 5 yana gudu ba idan babu inda za ka yi awa 5 kana gudu. Brooklands, da aka buɗe a 1907, ya taimaka wajen auna gudu, amma zagaye ne na kankare, babu ƙura, babu mararraba.

Tsakiyar Faransa tana da dogayen hanyoyi miƙaƙƙu, motoci kaɗan, ga wuraren da aka shimfiɗa duwatsu masu girgiza mota har haƙori. Daga tsakiyar shekarun 1920 kamfanin ya kafa sansanin gwaji a garin Châteauroux, ƙarƙashin George Hancock. Duk wani sabon samfuri ko babban canji sai ya yi mil 10,000 a can, kilomita 16,000, kafin a yarda a sayar. Daga baya aka ƙara zuwa mil 15,000. Direbobi suna karɓa-karɓa, motar na cin ɗaruruwan mil kullum, a kan gudun da mai ita ba zai taɓa yi ba. Da yamma a wanke ta, a shiga ƙarƙashinta da fitila ana neman tsaga da yoyo da notin da ya saki, a rubuta man da ta sha da cin taya, a aika rahoto Derby. Idan wani ƙarfe ya karye a tura shi gida, a zana sabo, a aiko, shi ma ya fara lissafin nasa mil ɗin daga farko. Daga Châteauroux kuma ana iya gangarawa tsaunukan kudu don gwada birki da zafi, ko a je filin Montlhéry kusa da Paris don gudu.

Aiki ne mai gajiyarwa. Mutum ya wuni a motar da wani lokaci ko rufi ba ta da shi, cikin sanyin hunturu, yana sauraren ƙarar da watakila sau ɗaya za ta zo a yini. Irin waɗannan mutane ne suka riƙe sunan kamfanin, kuma wasunsu sun yi nisa. Hives, wanda ya fara da gyaran motoci a garejin Rolls ya shigo Derby a 1908 a matsayin mai gwaji, ya zama shugaban sashen gwaje-gwaje, a 1950 ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya.

An ce Royce ba ya zama a masana'anta. To yaya yake sanin abin da ke faruwa?

Ya yi rashin lafiya mai tsanani wajen 1911, likitoci suka raba shi da hayaƙin Derby. Daga nan yakan yi hunturu a Le Canadel a kudancin Faransa, sauran shekara a bakin tekun kudancin Ingila, daga 1917 a ƙauyen West Wittering. Masu zane suna tare da shi, masu ƙira da gwaji suna Derby, takarda ce ke haɗa su. Kowa yana da gajeren suna a wasiƙa: R shi ne Royce, CJ Johnson, Hs Hives, EP Platford. Ana kuma kai masa motocin gwaji har gida ya tuƙa da kansa.

A ganina wannan nisa ya amfani aikin ta wata fuska. Tunda ba za ka iya jan hannun maigida ka ce zo ka ji ba, dole ka rubuta ƙarar dalla-dalla: a wane gudu, a wace giya, inji da zafi ko da sanyi, a hawa ko a gangara. Rahoton da aka rubuta haka yana tilasta wa mai gwaji ya yi tunani, kuma yana zama a fayil don wanda zai zo bayan shekara 10.

Komai a kan hanya ake gwadawa?

A'a. A Derby akwai na'urar girgiza: manyan ganguna masu juyawa da aka ɗaura wa ƙullutai na ƙarfe, a ɗora ƙafafun mota a kai, a ɗaure ta, a kunna. Cikin kwanaki kaɗan shasi yana shan dukan da zai sha a shekaru, sifirin da maƙalai suna karyewa a gaban idon injiniya inda zai ga yadda abin ya fara. Irin wannan azaba ce ke nuna amfanin yadda Royce ke haɗa shasi da kusoshi masu tsini da aka dace da raminsu, maimakon ribit da ke saki da jijjiga. Inji kuma yana da bencinsa inda ake auna ƙarfinsa.

Yaya suke ɓoye sabon samfuri?

Da sunan ɓoye. Ƙaramar motar 20 hp ta 1922 ana kiranta Goshawk a cikin gida. Wadda ta gaji Ghost a 1925, New Phantom, an laƙaba mata sunan motar sulke ta Gabas, har aka bar faranta na sulke a harabar masana'anta don mai leƙe ya gani ya gaskata. Dabarar ta shiga domin kowa ya san motocin sulke na Rolls-Royce na yaƙin 1914 a kan shasin Ghost aka gina su. Dalilin ɓoyewar na kasuwa ne: in aka ji sabuwa na zuwa, tsohuwa ta daina sayuwa.

Me ya sa suka makara wajen sa birki a ƙafafun gaba?

Ghost ta yi shekaru da birki a baya kaɗai, sai a 1924 aka sa mata na gaba, da na'urar ƙara ƙarfin taka birki da giyabos ke juyawa, bisa lasisin kamfanin motoci na Hispano-Suiza. Jinkirin yana da dalili. Birkin gaba yana ƙara nauyi a bakin aksil, ga tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska sun shigo a daidai lokacin. Haɗuwar biyun ta haifar da wata cuta da ta addabi manyan motoci a shekarun 1920: ana cikin gudu ƙafa ɗaya ta faɗa rami, sai ƙafafun gaba su ɗauki rawa hagu da dama, aksil na tsalle, sitiyari na fizgar hannu, ba ta lafawa sai an rage gudu sosai. Tunda ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, abin da ya samu ɗaya yana wucewa ga ɗayar.

Masu gwaji sun yi ta fama: a daidaita nauyin taya, a ƙara iska, a taurara sifirin, a canza shokazoba, a gyara kusurwar aksil. Kowanne yana rage cutar amma yana taurara tafiya, mai kuɗi a kujerar baya kuma laushi ya saya. Maganin gaske shi ne a raba ƙafafun gaba kowace da nata. Maurice Olley, injiniyan da ya taso a hannun Royce ya koma Cadillac a Amurka a 1930, yana cikin waɗanda suka warware wannan a can, da irin na'urar girgizar da ya sani a Derby. Tsarin ya dawo gida a Phantom III ta 1936.

Motar da za a ba mai saye ita ma ana gwada ta, ko samfuri kaɗai?

Kowace ɗaya. Kafin yaƙin duniya na biyu kamfanin ba ya yin bodi. Inji da shasi yake sayarwa, mai saye ya kai wa magina bodi irin su Barker ko Hooper ko Park Ward. Don haka kowane inji yana hawa benci, kowane shasi a ɗora masa kujerar wucin gadi a fita da shi hanyoyin Derbyshire, a dawo da jerin gyara, a gyara a sake fita. Ana tambayar nauyin bodin da za a ɗora da ƙasar da za a kai motar, domin a zaɓi sifirin da ya dace. Bayan an gama bodi sai mai duba na kamfani ya sake gwadawa, saboda bodi mai nauyi ko wanda aka ɗaure ba daidai ba yana iya ɓata duk aikin da aka yi, ya riƙa amsa kuwwar ƙarar da babu ita a da. Akwai kuma makarantar koyar da direbobi, tunda motar tana da wuraren shafa mai da yawa, direban da bai san su ba zai kashe ta. Katunan da aka rubuta bayanin kowane shasi suna nan a ajiye, masu gyaran tsofaffin motocin suna amfani da su.

Akwai abin da duk wannan gwaji ya kasa kamawa?

Akwai, kuma Phantom III ce babban misali. Injinta silinda 12 ne, an sa masa tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke tura bawul, masu daidaita kansu da matsin baƙin mai don bawul su yi shiru. Dabarar tana buƙatar mai tsaf. A hannun masu saye datti ya riƙa toshe ƙananan hanyoyin man, tafet su daina aiki yadda ya kamata, har a 1938 aka koma masu tauri da ake saitawa da hannu. Fahimtata ita ce gwajin Faransa ya ƙware wajen kama abin da gudu da duka ke karyawa, amma motar gwaji kullum injinta da zafi, kullum a hannun ƙwararru masu wanke matatar mai a kan lokaci. Motar da ke rarrafe a cunkoson Landan, a kunna a kashe inji bai yi zafi ba, wata rayuwa take yi dabam.

Sai kuma hanyoyin da suka canza bayan an gama zane. Da Jamus ta buɗe manyan titunanta a shekarun 1930, mutum na iya take totur har ƙasa ya daɗe a haka. Metal ɗin injin Bentley, kamfanin motocin da Rolls-Royce ta saya a 1931, ya fara narkewa a irin wannan tafiya. Kamfanin ya gargaɗi masu motoci, ya samar da sabon haɗin metal mai jure zafi, a 1938 kuma ya ƙara giyar da ke rage juyin inji a babban gudu.

Aikin yana da haɗari?

Ƙwarai. Gudu ne a hanyar jama'a, da amalanke da dabbobi da masu keke, a motar da aka san wani abu a jikinta bai tabbata ba. Samfurin Bentley Corniche na 1939 ya yi hatsari sau biyu a gwajin Faransa. An mayar da shasinsa Derby, aka gyara bodin a Faransa, yana jiran jirgi a tashar Dieppe bom ya tarwatsa shi bayan ɓarkewar yaƙi. Yaƙin ne kuma ya katse aikin Châteauroux.

Sauran kamfanoni ba sa irin wannan?

Suna yi, kowa da salonsa. A 1908 Cadillac ta bar RAC ta wargaza motocinta 3, aka cakuɗa kayansu, aka sake haɗawa, suka yi mil 500 a Brooklands, abin da ya nuna kayanta suna shiga juna ba sai an goge da hannu ba. Ita ma ta karɓi kofin Dewar. Amurkawa ne kuma suka fara ɗauke gwaji daga hanyar jama'a zuwa fili na musamman: General Motors ta buɗe nata a Milford a jihar Michigan a 1924, da tuddai da kwanoni da munanan hanyoyi da aka gina da gangan, Packard ta bi baya da nata a Utica a jihar guda. Amfanin filin shi ne ana iya maimaita gwaji iri ɗaya a kan hanya iri ɗaya, a kwatanta sakamakon bana da na bara. Rolls-Royce, mai ƙera motoci kaɗan, ta ci gaba da dogaro da hanyoyin Faransa har 1939, kuma ta sake tura motocin gwaji can bayan yaƙi.